Shekarar da Mazarƙwaila Ta Ƙi Kamawa

Duk sanda samari suka zo wurina neman aiki, magana ɗaya ce a bakinsu: "Baba, ai mazarƙwaila ba wuya. A matse rake, a dafa ruwan, a zuba a kwano." Nakan ce haka ne, ga muciya can a jingine. Ban taɓa ganin wanda ya kai azahar yana maimaita maganar ba. Ba na jin haushinsu, don ni ma da irin wannan bakin na shigo sana'ar, nawa ma ya fi nasu girma, tun da ni da takarda a aljihu na zo.

Sunana Iliyasu, amma Ilu ake ce mini. A Kudan aka haife ni, kuma ina cikin 'yan kaɗan ɗin da suka gama firamare a unguwarmu. A shekarun da aka karɓi mulkin kai, magana ta cika gari cewa Turawa za su tashi su bar kujeru, duk wanda ya iya riƙe alƙalami zai samu teburi. Na gaskata. Sau uku ina zuwa Zariya da farar riga mai guga, in zauna a benci a ƙofar ofis tun safe har rana ta take. Masinja ya karɓi takardar neman aiki, ya ce in dawo wata mai zuwa. A zuwa na uku na dubi waɗanda muke zaune tare, na ga duk sun fi ni karatu, wasu har da Turanci suke hira. Na tashi na nemi mota. A lokacin na riga na yi aure, gonar mahaifinmu kuwa ba ta isa mu duka ba. Kawuna ne ya ce in je Gazara, wani Alhaji Bawa yana da injin rake a bakin fadama, kaka ta yi, ƙila suna neman hannu.

Ranar da na fara zuwa, da wannan farar rigar na je. Tun kafin in hango rumfar na ji ƙanshin ruwan rake yana dahuwa. Na tarar da doki yana zagaye, mutum guda a tsugune yana cusa rake a inji, wani dattijo kuma a tsaye kan ƙaton kasko. Shi ne Baba Tanko. Gajere ne, wuta ta lashe masa gira, bayan hannuwansa duk tabon ɗigon ruwan zafi. A wurin mazarƙwaila mai inji shi ke da dukiya, amma mai kasko shi ke da magana. Na durƙusa na yi sallama.

"Baba, barkanku da aiki."

"Barka kadai, samari. Daga ina?"

"Daga Kudan."

"Ina mutanen Kudan? Yaya iyali? Yaya kuka ji da kaka?"

Muka gaisa sosai, idonsa bai bar kaskon ba. Na zaro takardata na miƙa da hannu biyu. Bai karɓa ba.

"Mece ce wannan?"

"Shaidar gama makaranta ce, Baba."

"Madalla. Mayar da ita, hannuna da danƙo. Me ka iya?"

"Duk abin da aka sa ni zan yi."

"Ban tambaye ka abin da za ka yi ba. Me ka iya?"

Na ce na iya karatu da rubutu. Ya ce Alhaji yana da mai rubuta masa wasiƙa, kasko kuwa ba ya karɓar wasiƙa. Sai ya nuna mini gindin wata ɗorawa. "Je ka zauna can ka dubi wurin nan da kyau. In ka ga abin da muka rasa wanda kai kake da shi, zo ka gaya mini. In ba ka gani ba, a ba ka ruwan rake ka sha, ka gaida mutanen gida."

Na zauna tun hantsi, raina a ɓace. Da na gaji da fushi sai na fara kallo. Dokin wani tsohon bikili ne, kuma na lura duk sanda rake ya cika inji, jan ya yi nauyi, sai ya noƙe kafaɗa ya tsaya, sai an tsawata masa. Mahaifina ya daɗe yana kiwon dokin dagacinmu, kusan a barga na tashi, na san doki ba ya noƙewa haka don lalaci. Da aka tsaya sallar azahar na je na ɗaga igiyar da ke ƙirjinsa. Ta ci fata, gyambo ya fara, ƙuda na bi. Na tuɓe farar rigar na rataye a reshe. Na wanke ciwon da ruwan gishiri, na shafa man kaɗe, na samo tsohon buhu na cusa masa audugar rimi na naɗe igiyar da shi. Sannan na je wurin Baba Tanko na ce dokin nan yana son hutun kwana uku.

"Kwana uku inji a tsaye, rake na jira?"

"A aro wani, Baba. In aka ci gaba da wannan, kafin wata ya ƙare sai dai a sayo sabo."

Ya je ya duba ciwon da kansa, ya dawo yana dariya. "Mutum ya zo da abin da ya iya, ya ɓoye shi a bayan takarda. Gobe ka zo da tsohuwar riga."

Shi ya sa har yau nake gaya wa masu neman aiki, ko a ofis ne ko a bakin fadama: kada ka shiga wuri da buƙatarka a gaba. Mai wurin ya san kana da buƙata, duk wanda ya zo yana da ita. Tsaya ka dubi wurin, ka ga inda yake ɗingishi, ka faɗi abu ɗaya da ka iya, ka nuna shi. Takardata ba ta ɓata ba, ta yi mini amfani daga baya. Amma ba ita ta buɗe mini ƙofa ba.

Injin wancan zamani ba irin na yanzu mai cin mai da ƙara ba ne. Ƙarafa uku ne masu nauyi a tsaye, suna juyawa suna haɗa baki, da doguwar sanda a bisa wadda ake ɗaura wa doki. Ruwan raken ya gangaro ta ƙasa cikin garwa, a tace da tsumma mai tsabta, a juye a kasko. Abin da inji ya tofar, wato tuƙa, ba a zubarwa. A baza ta a rana ta bushe, ita ce makamashi. Murhun rami ne a ƙasa, da baki ɗaya na cusa tuƙa. Kaskon kuwa sai mutum huɗu da sanduna biyu suke sauke shi. Kaka biyu na yi ban taɓa muciya ba. Doki, shanyar tuƙa, wanke garewani, wanke kwanuka. Baba Tanko yakan shinshina garwa bayan na wanke. In ya ji ɗan tsami sai ya ajiye ta a gabana in sake.

Aiki ɗaya da na yi alfahari da shi a waɗannan shekarun shi ne koya wa bikilin nan tsayawa da fito. Ƙarafan inji ba su san bambancin rake da yatsa ba, kuma kafin a yi ihu a kama linzami, hannu ya tafi. Na yi sati ina fama da shi da yamma bayan an tashi, har ya zama da fito ɗaya yake cakewa kamar an dasa shi. Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne Haladu, mai cusa rake, mutumin Nasarawan Doya. Ya girme ni sosai, kuma ya riga ni zuwa wurin da shekaru. Ba shi da yawan magana. Ya gwada fiton sau biyu, ya gyaɗa kai, muka zama abokan cin tuwo.

Daga doki Baba Tanko ya mayar da ni bakin wuta, daga wuta zuwa kwasar kumfa. Kwasar kumfa ita ce inda ake gane mai haƙuri. Ruwa na fara zafi za a zuba masa yauƙin karan kuɓewa da aka daddaka, sai duk dauɗar ta taso sama, baƙa-baƙa. Dole ka kwashe ta da ludayi kafin tafasa ta zo, in ba haka ba ta koma ciki, mazarƙwailarka ta fito baƙa mai ɗaci. Bayan nan sai jira, da sauraro. Baba Tanko da kunne yake dafuwa. Yakan ce da farko ruwan yana surutu kamar kasuwa, in ya kusa sai ya koma magana ɗaya-ɗaya, da nauyi. A nan ne zai ɗiga kaɗan a ƙwaryar ruwan sanyi, ya murza da yatsu. In ya dunƙule, ya ce "Sauke!" Tsakanin ɗanye da ƙonanne bai fi ka juya ka amsa sallama ba. An sauke, sai tuƙi da muciya har kafaɗa ta mutu, launin ya washe, a zuba a ƙananan kwanuka kafin ya kama a kasko. Duk shekarun da na yi tare da shi ban ga ya ƙona kasko ko ɗaya ba.

Kaskon farko da aka bar mini ni kaɗai, a kaka ta huɗu ne. Baba Tanko zai je jana'iza Ikara, ya ce in riƙe. Na yi komai yadda na gani ana yi. Na zuba a kwanuka, muka jira. Har la'asar abu ya ƙi kamawa, yana nan kamar kunu mai kauri. Sai daga baya mai kawo rake da jakuna ya ce mini ai wannan raken kwanansa huɗu da sara, yana zube a rana, kuma Haladu ya sani, don shi ya karɓa. Raken da ya kwana haka ruwansa ya yi tsami, ko wa ya dafa ba zai kama ba. Tun ranar da aka matsar da ni kusa da kasko Haladu ya daina cin tuwo da ni, amma ban zaci abin ya kai nan ba.

Washegari na tari Baba Tanko a hanya, na ce zan kai ƙarar Haladu wurin Alhaji.

"To. Kafin ka tafi, ka ɗanɗana ruwan kafin ka hura wuta?"

"A'a, Baba."

"Sau nawa ka ga na ɗora kasko ban sa yatsa na lasa ba?"

"Ban taɓa gani ba, Baba."

"To kaskon nan kai ka ɓata shi. Wannan ni zan gaya wa Alhaji, in kuma ce ni na bar maka. Abin da ke tsakaninka da Haladu kuwa, Alhaji ba ya wurin da aka fara shi. Je ka same shi."

Na same shi yana wanke ƙarafan inji. Na ce, "Yaya Haladu, me na yi muku?" Ya daɗe yana goga kafin ya amsa. Ya ce, "Kai ba ka yi mini komai ba. Shekara nawa ina tsugune a nan? An zo an wuce ni, ba wanda ya ce mini ko sannu." Ashe Baba Tanko yana bayanmu. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya tsuguna daidai da Haladu, a gaban kowa, ya ce, "Haladu, laifina ne. Ban ɗauke ka daga inji ba don ban ga wanda zan sa a wurinka in samu kwanciyar rai ba. Kai kake cusa rake inji bai taɓa shaƙewa ba, ba a taɓa jin ciwo a hannunka ba. Na san haka, ban faɗa maka ba, ban faɗa wa Alhaji ba. Yau zan faɗa." Ya kuwa faɗa, aka ƙara wa Haladu lada, aka kuma ce daga ranar ba raken da zai shiga inji sai da yardarsa. Haladu bai ba ni haƙuri da baki ba. Da aka kawo tuwo sai ya turo kwanon tsakaninmu.

Na zauna da shugabanni da yawa bayan nan, a ƙungiyar masu sana'a da wajenta. Kaɗan ne na gani suna iya tsugunawa a gaban na ƙasa da su su ce laifina ne.

Masu sayen kayanmu iri-iri ne, amma wadda kowa ke shakka ita ce Gwaggo Asabe. Ran kasuwar Maƙarfi take zama da kwandunanta, ta saya ta aika Zariya da Kano. Ba ta tambayar daga ina kaya suka fito. Ta ɗauki curi ɗaya ta ƙwanƙwasa da farce, ta ɓantara ta sa a harshe, ta gaya maka wanda ya dafa. Akwai ranar da na kai mata kwando, ta ɗanɗana ta ce, "Ɗan nan, wannan ba hannun Tanko ba ne. Naka ne? Ba laifi. Amma kana tsoron wuta, ka sauke da wuri." Gaskiyarta ce.

Sai ga mummunar shekarar. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta cika ido ba. Fadama ta tsage, rake ya tsaya gajere, tsutsa ta shige shi. In ka fasa kara sai ka ga cikin ya yi ja. Muka ɗora kasko na farko, Baba Tanko da kansa, ya ƙi kamawa. Na biyu haka. Na uku ya kama da ƙyar, baƙi ƙirin, kafin kwana biyu ya narke a kwando. Mai hura mana wuta ya naɗe tabarmarsa ya tafi ci-rani.

Alhaji Bawa ba mugun mutum ba ne. Gidansa cike yake da baki, kuma duk abin da ya mallaka yana cikin fadamar nan. Wani ne ya ba shi shawara, ya ce a wasu wurare ana zuba garin rogo a kasko, sai abin ya kama ya yi nauyi, mai saye ba zai gane ba sai bayan kwanaki. Wata safiya ya zo da buhun garin a kan jaki, ya ce a gwada.

Baba Tanko ya dubi buhun ya ce, "Alhaji, wannan fa yara ne za su sha, da masu jego."

"Rogo guba ne? Ba abinci ba ne?"

"Abinci ne in an sayar da shi da sunansa."

"Tanko, ka dubi fadamar nan. Kana so in rufe inji in sallami mutane?"

"Inji naka ne, rake naka ne, kasko naka ne. Hannun nan dai nawa ne."

Ya wanke muciya, ya jingine ta, ya karkaɗe hularsa ya kama hanyar gida. 

Da azahar Alhaji ya kira ni zaurensa. Ya ce, "Ilu, ka iya aikin nan. Daga yau kai ne mai kasko, da ladan mai kasko. Abu ɗaya nake so, ka san shi." A lokacin matata na da tsohon ciki, rumbunmu kuwa ana hango ƙasansa. Abin da na yi shekara biyar ina nema aka miƙo mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu."

Da la'asar na tafi gidan Baba Tanko. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Na kwashe komai na gaya masa, ina jiran ya ce in ƙi.

"Ba zan ce ka karɓa ba, ba zan ce ka ƙi ba," in ji shi. "Ni 'ya'yana sun girma, su ke ciyar da ni in na so. Tafiyata ba ta ci mini komai ba. Kai ka san bakin da ke jiranka a gida." Ya ci gaba da tufka, can ya ce, "Amma ka ji wannan. Abin da na yi da safe rabin aiki ne. Na ce a'a, na tafi, na bar mutum da fadamarsa a ƙone da mutane a wuyansa. Zuciya ce ta ɗebe ni. Gaskiya na faɗa, amma ban ba shi hanya ba. In za ka ce masa a'a, kada ka je hannu wofi irina."

Daga nan wurin Haladu na wuce. Na tambaye shi ko duk raken ne ya lalace. Ya dube ni kamar wanda ya daɗe yana jiran tambayar. Ya ja ni wurin tarin rake, ya ɗauki kara ɗaya ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da bayan adda. "Ji wannan, fanko ne. Ji wannan kuma." Ya sara, cikin fari tas, ruwa na ɗiga. Ya ce tsutsar ta fi cin gaɓoɓin sama, na gindi da yawa lafiyarsu lau, musamman raken da ya fito daga kwarin fadama inda laima ta daɗe. Mu ne muke haɗa mai kyau da marar kyau a garwa ɗaya, marar kyau ya kashe duka. In za a zauna a tsince gaɓa-gaɓa, za a samu abin dafawa, sai dai kaɗan, kuma aikin zai ninka.

Washegari ta kama ran kasuwa. Na je Maƙarfi ba kwando, na durƙusa gaban Gwaggo Asabe. Na ce in muka kawo kaɗan amma ta gaskiya, za ta saya da daraja? Ta buɗe wani kwando a gefenta ta nuna mini. Curin duk sun yi fumfuna. "Ka ga abin da aka kawo mini bana daga wani wuri. An mayar mini da shi daga Kano, da baƙar magana a kai. Ka gaya wa Bawa in ji ni, ko kwando ɗaya ne ya kawo mai kyau, ba zan yi ciniki da shi ba, abin da ya faɗa shi ne. In kuwa na ji gari a harshena, ni da injinsa har abada." Ita ce kuma ta tuna mini da masu alewa. Ta ce ruwan da ba zai kama ba, in ba ruɓaɓɓe ba ne, a dafa shi maɗi a sayar musu da sunan maɗi, suna nema.

Da wannan na koma wurin Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, gari ba zan zuba ba. Amma ga abin da na zo da shi." Na faɗi shawarar Haladu, na faɗi saƙon Gwaggo Asabe yadda ta faɗa. Ya ja carbinsa. Ya ce, "Kasko ɗaya. In bai kama ba, ba ni da sauran abin ce maka."

Yini guda muka yi muna tsince rake, ni da Haladu da masu sara, har tafin hannu ya yi kanta. Da safe aka matse, na lasa, zaƙi ne mai tsabta. Muka cika kasko. Sai a lokacin na tuna ba ni da mai wuta, ga shi ba zai yiwu in riƙe ludayi in kuma riƙa cusa tuƙa ba. Ina cikin waige-waige sai ga Baba Tanko ya ɓullo ta bayan rumfa. Ya gaida Alhaji kamar ba abin da ya faru, ya ce, "Alhaji, na yi gaggawa rannan, a yi haƙuri." Alhaji ya ce shi ne da neman afuwa. Na ɗauko ludayi na miƙa wa Baba Tanko. Ya wuce ni, ya naɗe ƙafar wando, ya zauna a bakin murhu.

"Baba, ga kaskonku."

"Kai ka nemo hanyar, kai za ka kai ta. Ni yau wuta ce tawa. Ka ce in ƙara ko in rage."

Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Ruwa ya taso, na kwashe kumfa, ya fara kauri, wuta kuwa ta yi yawa. Na buɗe baki na kasa. Shi kuma ya ci gaba da cusa tuƙa, kansa a sunkuye, ya ƙi dubana. Da na ji ƙauri na shirin tasowa, na daka tsawa, "Baba, rage wuta!" Nan take ya janye tuƙar. Na ɗiga a ƙwarya, ya dunƙule a yatsuna. Na ce a sauke. Muka tuƙa, muka zuba, muka tsaya cirko-cirko a kan kwanuka, har da Alhaji. Da suka huce Haladu ya kife ɗaya a tafinsa. Curin ya faɗo ɗungurungum, ja mai haske, da ƙarfi kamar dutse.

Ba mu yi arziki a shekarar ba. Abin da muka fitar bai kai rabin na kullum ba. Amma inji bai tsaya ba, ba a sallami kowa ba, buhun garin rogon kuma a gidan Alhaji aka yi tuwo da shi. Matata ta haihu lafiya, da mazarƙwailar hannuna aka dama mata kunun jego.

Baba Tanko bai sake karɓar kasko ba. Ya ce idonsa ya fara gajiya da tururi, zama a ƙasa ya fi masa. Kaka huɗu ya yi yana hura mini wuta, mutumin da ya koya mini riƙon muciya, kuma bai taɓa gyara mini aiki a gaban mutane ba. Abu ɗaya ne ya dame ni, tari. Yakan turnuƙe shi jifa-jifa a tsakiyar dafuwa, in ɗago in dube shi, sai kuwa idona ya faɗa kan kumfar da na bari a gefe, ko kunnena ya ji ruwan ya canza murya. Na ɗauka hayaƙi ne. Har zuma da citta na sayo masa a Maƙarfi, ya karɓa ya sa mini albarka.

A kaka ta ƙarshe na lura mun yi wata guda ban ji tarin ba. Muna wanke hannu za mu ci tuwo na ce, "Baba, alhamdu lillahi, tarin nan ya warke ke nan?"

Ya yarfe ruwan hannunsa, ya jawo kwano.

"Wane tari? Ni da ma lafiyata lau. Kai ne ka warke."